Manasseh Azure: Ɗan maigadin da ya hana manya barci da takarda da lissafi

Duk wanda ya saba fita sallar Asuba a Nima ko Mamobi ko Madina, ko kuwa Aboabo da Asawase a can Kumasi, ya san su. Mata ne galibinsu, wasu ma girma ya fara kama su, suna sanye da rigar aikin kamfanin Zoomlion, tsintsiya a hannu, suna sharar bakin titi da kasuwa tun gari bai gama wayewa ba. Mukan gaisa da su, mu yi musu sannu da aiki, mu wuce abinmu. To amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi nawa gwamnati take fitarwa da sunan kowace ɗaya daga cikinsu, kuma nawa ne yake isa hannunta a ƙarshen wata.

Amsar ita ce, kafin shekarar 2025, Sidi 850 ake warewa kowane mai shara a wata a ƙarƙashin yarjejeniyar da ke tsakanin Hukumar Samar wa Matasa Aikin Yi, wato YEA, da wannan kamfani. Daga ciki Sidi 250 ne ke shiga hannun mai tsintsiya, ragowar Sidi 600 kuwa na kamfani ne a matsayin kuɗin gudanarwa. Idan aka raba Sidi 250 a kan kwana 30, abin da za a samu bai kai Sidi tara ba a yini, alhali kuwa mafi ƙarancin albashin yini da gwamnati ta tsayar a 2024 Sidi 18.15 ne. Kamfanin dai ya sha kare kansa da cewa daga kasonsa ne yake sayen kayan aiki da riguna da kekunan kwasar shara, kuma ba shi ya yanke abin da za a ba ma'aikatan ba. Sai dai ko kusa wannan bai gamsar da mutumin da ya shafe fiye da shekara goma yana maimaita wannan lissafi a rediyo da jarida ba, wanda a ganinsa abin bai wuce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ba.

Wannan mutum shi ne Manasseh Azure Awuni, kuma labarin aikinsa ne muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu, domin mun lura idan aka ambaci binciken ƙwaƙwaf a zangunanmu, hankalin kowa kan tafi ga Anas Aremeyaw Anas da labulen duwatsun da yake rufe fuskarsa da shi da kuma ɓoyayyiyar kyamararsa. Ba mu raina wannan hanya ba, domin ita ce ta tona asirin alƙalai a 2015 da jami'an ƙwallon ƙafa a 2018. Amma akwai wata hanyar ta biyu, wadda ba ta da armashin kallo, ba a cika cika ɗakin taro domin ganinta ba, wadda kayan aikinta su ne takardar kwangila da rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Ƙasa da rajistar kamfanoni da kuma haƙurin zama a yi ta haɗa lamba da lamba har sai an gano inda ba su yi daidai ba.

Manasseh ɗan asalin Bongo ne da ke Yankin Gabas Ta Sama, amma a Kete-Krachi ya tashi, inda mahaifinsa ya yi aikin gadin dare a asibitin gwamnati. Mu Hausawa ba ma bukatar a gabatar mana da wannan gari, domin a tsohon Kete ne Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna ya yi limanci da karantarwa har zuwa rasuwarsa a 1934, tun kafin ruwan tafkin Volta ya ci tsohon garin. A nan yaron ya yi sakandare, daga bisani ya wuce makarantar koyon aikin jarida ta ƙasa da ke Akra. Tun yana aiki a matsayin ɗan jarida mai zaman kansa, ba tare da wani babban gida ya ɗauke shi ba, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Gana ta zaɓe shi gwarzon shekarar 2011. A 2012 ya kama aiki da gidan rediyon Joy FM.

Abin da ya fito da sunansa sosai shi ne badaƙalar GYEEDA a 2013. Idan mai karatu bai manta ba, shirin samar wa matasa aikin yi ya faro ne a 2006 zamanin Shugaba Kufuor da sunan NYEP, aka canja masa suna zuwa GYEEDA a 2012. Shiri ne da matasanmu da yawa suka sa wa rai, wasu suka yi rajistar koyon ɗinki, wasu gyaran wayar salula, wasu aikin shara. Da Manasseh ya samu takardun kwangilolin ya zauna ya karanta su sakin layi bayan sakin layi, sai ya tarar an ƙulla da yawa daga cikinsu ba tare da an yi takara tsakanin kamfanoni ba, an ba wasu kamfanoni bashin miliyoyin Sidi daga kuɗin jama'a ba tare da kuɗin ruwa ba, kuma an biya kuɗin ayyukan da babu shaidar an yi su. A wancan lokaci ne ya fara fito da lissafin masu shara, inda a lokacin Sidi 500 ake warewa, mai tsintsiya ya samu 100.

Gwamnatin Shugaba John Mahama ta kafa kwamitin bincike, aka soke wasu kwangiloli, aka umarci wasu kamfanoni su mayar da kuɗi, sannan a 2015 aka yi dokar da ta kafa YEA a madadin GYEEDA. Shari'a kuwa, kamar yadda aka saba, ta yi tafiyar hawainiya. Sai a watan Fabrairun 2018 ne wata babbar kotu a Akra ta yanke wa tsohon shugaban shirin, Abuga Pele, wanda ya taɓa zama ɗan majalisa mai wakiltar Chiana-Paga, ɗaurin shekara shida, shi kuma ɗan kasuwa Philip Assibit shekara 12, bisa jawo wa ƙasa asarar Sidi miliyan 4.1. A 2021 Shugaba Akufo-Addo ya yi wa Pele afuwa saboda rashin lafiya. Shekara biyar ke nan tsakanin labari da hukunci, kuma kuɗin da aka yi shari'a a kansa ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da binciken ya bankaɗo. Kwangilar shara kuwa ta tsallake wannan guguwa lafiya lau, ta ci gaba a ƙarƙashin gwamnatocin jam'iyyun biyu.

A nan ne muke ganin darasin farko ga duk matashin da ke sha'awar wannan aiki. Labari ba ya ƙarewa ranar da aka watsa shi. A 2018 ita kanta YEA ta ƙidaya masu sharar, ta ce ta samu kimanin dubu 38, alhali adadin da ake biyan kuɗi a kansa ya kai dubu 45, ko da yake kamfanin ya musanta sahihancin ƙidayar. Ɗan jaridar da bai ajiye tsofaffin takardunsa ba, ba zai san muhimmancin wannan giɓi ba. Mai karatu ya ɗauki biro da kansa ya ninka Sidi 600 sau dubu 45, zai ga Sidi miliyan 27 ne a wata ɗaya tak.

A watan Yunin 2016, ana saura 'yan watanni zaɓe, Manasseh ya fito da labarin motar Ford Expedition da wani ɗan kwangila daga Burkina Faso, Djibril Kanazoe, ya ba Shugaba Mahama kyauta a 2012. Ɗan kwangilar shi ne ya samu aikin katange filin ofishin jakadancin Gana a Wagadugu da kuma aikin hanyar Dodo Pepesu zuwa Nkwanta. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da sa ido kan ayyukan gwamnati, wato CHRAJ, ta yi bincike ta ce karɓar motar ya saɓa wa ƙa'idar karɓar kyauta, amma ba ta samu shugaban da laifin cin hanci ba, tunda an sanya motar cikin jerin motocin fadar gwamnati. A wancan lokaci 'yan NDC sun ce yaron NPP ne aka turo, su kuma 'yan NPP suka ɗauke shi a kafaɗa.

Ba a jima ba reshe ya juye da mujiya. A watan Maris na 2019 ya watsa wani shiri da ya nuna wata ƙungiyar matasa mai suna De-Eye tana gudanar da harkokinta a tsohuwar fadar gwamnati da ke Osu, yana mai danganta ta da jam'iyya mai mulki ta NPP. Gwamnati ta kai ƙara gaban Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, ita kuma hukumar ta yanke cewa akwai sassan shirin da suka wuce gona da iri, musamman kiran ƙungiyar da sunan mayaƙan sa-kai da kuma haɗa ta da hotunan wani rikici na daban. Mun kawo wannan ne domin kada a ɗauka muna cewa mutumin ba ya kuskure. Sai dai kuskure a gyara shi ake yi, ba barazanar kisa ake aikawa ba, kuma barazanar ce ta sa dole aka fitar da shi zuwa Afirka ta Kudu na wani ɗan lokaci.

Babu wanda zai ce tsoron banza ne. Wata biyu kacal kafin nan, a daren 16 ga Janairun 2019, wasu mutum biyu a kan babur suka harbe Ahmed Hussein-Suale a cikin motarsa a Madina, kusa da gida. Ahmed yana ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aiki da Anas a binciken ƙwallon ƙafa, kuma kafin kisan, ɗan majalisa Kennedy Agyapong ya nuna hotonsa a gidan talbijin yana kira da a dake shi, ko da yake ya musanta hannu a kisan. Shekararsa 31. Mutanen Madina sun yi masa sallah sun kai shi makwancinsa, Allah Ya jiƙansa da rahama, amma har shekara shida ta cika babu wanda kotu ta hukunta. Ƙasar da a 2018 take ta 23 a duniya kuma ta ɗaya a Afirka a jadawalin 'yancin 'yan jarida na ƙungiyar RSF, ta gangaro zuwa ta 60 a 2022.

Da ya dawo gida bai saurara ba. A watan Agustan 2019 ya fito da binciken da mutane da dama ke ganin shi ne gwanintarsa mafi girma, a kan shugaban hukumar da ke sa ido kan yadda ake ba da kwangilolin gwamnati, Adjenim Boateng Adjei. Mabuɗin wannan bincike yana ofishin rajistar kamfanoni, inda takardu suka nuna cewa shugaban yana da hannun jari a wani kamfani mai suna Talent Discovery Limited, wanda ke samun kwangilolin gwamnati ta hanyar taƙaitacciyar takara, irin wadda hukumarsa ce ke amincewa da ita, sannan kamfanin ya juya ya sa kwangilolin a kasuwa. A nan an haɗa hanyoyin biyu, domin bayan takarda ta nuna hanya, an shiga a ɓoye a matsayin mai saye don a tabbatar. Washegari Shugaba Akufo-Addo ya dakatar da shi, a watan Oktoban 2020 kuma ya kore shi bayan CHRAJ ta same shi da laifin haɗa aikin ofis da amfanin kansa, ta kuma haramta masa riƙe muƙamin gwamnati na shekara biyar. Wato dai wanda aka ba tsaron rumbu, shi aka tarar da buhu a kafaɗa.

A cikin wannan shekara ta 2019 ne kuma aka samu wani canji da ya sauya yanayin aikin baki ɗaya. Bayan kusan shekara 20 ana jan ƙafa, majalisa ta zartar da Dokar 'Yancin Samun Bayanai, doka mai lamba 989, shugaban ƙasa ya sa mata hannu a watan Mayu. Kafin wannan doka, ɗan jarida sai ya yi sa'ar wani ma'aikaci mai kishi da zai zaro masa takarda a ɓoye. Bayan ta kuwa, neman takardar ya zama haƙƙi.

A 2021 Gidauniyar Kafafen Yaɗa Labarai ta Afirka ta Yamma, MFWA, ta kafa jaridar intanet mai suna The Fourth Estate, wadda ba ta dogara da tallar gwamnati ko ta 'yan kasuwa ba, Manasseh ya zama babban editanta na farko. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko da suka yi wa sabuwar dokar abin dariya ne, in ba don abin takaici ne ba. Sun nemi Hukumar Ma'adinai ta ba su jerin kamfanonin da ke da lasisin haƙar ma'adinai da waɗanda aka soke wa, sai hukumar ta ce su kawo Dala dubu ɗaya. Suka kai ƙara gaban hukumar da ke kula da aiwatar da dokar, ita kuma ta ce abin da ya kamata a biya bai wuce kimanin Sidi biyu ba. Hukumar Ma'adinai ta garzaya kotu, can ma ba ta yi nasara ba. Da wannan doka ce kuma suka nemi sanin ministoci da manyan jami'an da ba su bayyana kadarorinsu ba kamar yadda sashe na 286 na tsarin mulkin 1992 ya wajabta, suka buga sunayen.

A watan Disambar 2023 jaridar ta fito da binciken kamfanin SML, wanda hukumar tara haraji da ma'aikatar kuɗi suka ɗauka domin toshe kafofin zurarewar harajin man fetur. Tambayar da suka yi mai sauƙi ce: ina shaidar biliyoyin Sidin da kamfanin ke iƙirarin ya ceto wa ƙasa? Shugaba Akufo-Addo ya sa kamfanin binciken kuɗi na KPMG ya duba, rahoton kuma ya nuna an biya SML fiye da Sidi biliyan ɗaya, kuma akwai kwangilolin da aka ƙulla ba tare da amincewar da doka ta tanada ba. A 2025 gwamnatin Mahama ta soke yarjejeniyar, maganar kuma ta koma hannun Mai Gabatar da Ƙara na Musamman.

A daidai wannan lokaci Manasseh ya samu gurbin ƙaro ilimi na shekara guda a Jami'ar Harvard da ke Amurka. To amma abin da ya fi burge mu shi ne aikin bai tsaya don ba ya nan ba. Matasan da suka yi aiki tare da shi ne suka tono badaƙalar sunayen bogi a hukumar masu yi wa ƙasa hidima, kuma wannan bincike kusan gaba ɗayansa aikin alƙaluma ne. Sun ɗauki adadin ɗaliban da hukumar ke sanar wa jama'a kowace shekara, suka kwatanta da adadin da ke cikin jerin biyan alawus, suka ga ba su yi daidai ba. Da suka shiga cikin jerin sunayen da kwamfuta, sai ga lambobin ɗalibai na jabu, ga suna ɗaya yana ta maimaituwa, ga kuma tsofaffi 'yan sama da shekara 80 wai suna hidimar ƙasa. A Disambar 2024 hukumar ta samo umarnin kotu na hana fitar da labarin ana gab da zaɓe. Amma da sabuwar gwamnati ta sa aka ƙirga mutum da mutum a farkon 2025, mutum 98,145 aka gani da ido, alhali sunaye 180,030 aka gabatar domin a biya. Giɓin shi ne 81,885. A lokacin, alawus ɗin mai hidimar ƙasa Sidi 715 ne da 'yan kai, don haka kuɗin da sunayen da babu masu su za su lashe a wata ɗaya ya haura Sidi miliyan 58.

Su kuwa masu tsintsiya, a watan Afrilun 2025 Manasseh ya rubuta wa Shugaba Mahama takardar koke, mutumin da ya taɓa tona wa maganar mota, yana roƙon kada a sabunta kwangilar. A watan Yuni fadar shugaban ƙasa ta amsa cewa kwangilar ta ƙare kuma ba za a sabunta ta ba. Shekara 12 ke nan daga ranar da ya fara buga lissafin.

Wannan ya dawo da mu gida. A 2017 an kafa ma'aikata sukutum domin raya zanguna da unguwannin cikin birni, aka kuma yi dokar Asusun Raya Zango. Ma'aikatar ba ta wuce zangon mulki na farko ba aka rushe ta a 2021. An yi filayen ƙwallo, an yi azuzuwa, an sa fitilun kan titi a wasu wurare, wannan kowa ya gani. Amma nawa majalisa ta ware wa asusun kowace shekara, nawa ma'aikatar kuɗi ta saki a zahiri, wane kamfani aka ba wane aiki kuma a kan nawa? A majalisunmu na shayi mukan yi wannan muhawara har dare ya raba, wannan ya ce an ci, wancan ya ce sharri ne, kowa da jam'iyyarsa, kuma da wuya ka ga wanda ya zo da takarda. Muna da gidajen rediyo masu shirye-shiryen Hausa, muna da yara masu digiri a lissafin kuɗi da ilimin kwamfuta, amma har yanzu yawancin shirye-shiryenmu gaisuwa ce da sanarwar biki da cacar bakin 'yan siyasa. Iyaye da dama kuma, tun bayan abin da ya faru a Madina, ba sa son jin ɗansu ya ambaci aikin jarida, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Sai dai ba sai mutum yana da katin ɗan jarida ba ne dokar ta ba shi dama. Kowace ma'aikata da kowace majalisar gunduma, har da ta Ayawaso da ta Asokore Mampong, doka ta ce ta kasance da jami'in ba da bayanai. Mai nema zai rubuta abin da yake so ya haɗa da shaidar ko shi wane ne, ba lallai ne ya faɗi dalilinsa ba, jami'in kuma yana da kwana 14 ya ba da amsa. Idan ya hana ko ya yi shiru, sai a kai kuka ga shugaban ma'aikatar, daga nan sai hukumar kula da dokar, daga nan sai babbar kotu. Wanda kuma bai iya rubutu ba, dokar ta yarda ya faɗi bukatarsa da baki, jami'in ya rubuta masa, ya karanta masa ya kuma bayyana masa da harshen da yake ji kafin ya dangwala yatsa.